Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, Makaɗin Waɗanda Ba Su Da Makaɗi

Mutanen arewacin Zamfara ba baƙin kiɗa da waƙa ba ne. Duk yaron da ya tashi a Galadi, ko Shinkafi, ko Zurmi, ko Ƙauran Namoda, ya buɗe ido ne ya tarad da sunan Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, a bakin dattawa. Ya ji kuma labarin Musa Ɗanƙwairo na Maradun, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi mai zuga mazaje. In dai ana batun kotso da waƙar fada ne, to, ko Kano da Zazzau sun san wannan yanki ba na baya ba ne. Amma duk da wannan arziki na gida, shekara da shekaru in mutum ya shiga tashar mota a garuruwan nan, ko ya zauna a bencin mai shayi, da wuya ya tashi bai ji muryar wani baƙo ba tana fitowa daga akwatin rediyo ko kaset, ba kotso, ba 'yan amshi, sai wata 'yar tsirkiya guda tana bin ta da sauri kamar ruwan sama a kan kwano.

Mai wannan murya shi ne Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos. Ya riga mu gidan gaskiya tun cikin 2015, har yaran da aka haifa a bayansa sun isa aike. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihinsa, musamman samari masu sha'awar waƙa, domin ya yi wani abu wanda bai kamata a manta da shi ba. Yabon nan da makaɗa suka saba ɗauka su kai ƙofar fada, shi ya ɗauke shi ya kai wa mutanen da ba wanda ya taɓa tsammanin za a ambace su cikin waƙa. Ta wannan hanya ya yi suna, da sunan nan kuma ya yi wa talaka aiki har ƙarshen ransa.

ASALINSA

An haifi Adamu ran 20 ga Disamba, 1946, a Bukuru, kimanin mil goma kudu da Jos. Bukuru a wannan zamani garin kuza ne. Tun farkon zuwan Turawa kamfanoninsu suka kafa haƙar kuza a kan tudun Jos, har aka ja wata 'yar ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta iso cikin 1914, don kwasar abin da a ke haƙowa. Mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauci da Barno, waɗansu don neman kuɗin haraji, waɗansu don fatauci. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da Japan ta kama ƙasar Malaya inda Ingila ta ke samun yawancin kuzarta, sai aka shiga ɗibar mutane a kan tilas daga lardunan Arewa ana kai su ramukan, tun daga 1942 har 1944. Sanyin tudu da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Shekara biyu bayan an daina wannan ɗiba aka haifi Adamu. Watau ya yi wayo ne cikin garin leburori, inda mutum ke wuni da kwano a ka, yana sauka rami yana hawa, don 'yan kwabban da ba su kai sun kawo ba.

Hausawan da suka taru a Bukuru sun yi Sarkinsu, kamar yadda al'adarsu ta ke duk inda suka yi zango, mahaifin Adamu kuwa makaɗin wannan Sarki ne. Ba a daɗe da haihuwar yaron ba Allah ya yi wa uban rasuwa, uwar kuma ta bi shi tun ɗanta bai san fuskarta ba. Sai Sarkin ya ɗauki yaron ya riƙe shi a gidansa. Daga nan ne sunan ɗan maraya ya bi shi, har ya danne sunansa na yanka. Wani in ya girma ya sami ɗaukaka ya kan nemi ya yar da irin wannan suna, don kada a riƙa tuna masa da baya. Adamu bai yi haka ba. Ya riƙe sunan, ya haɗa shi da sunan garinsa, da shi kuma ya shiga fadar shugabanni da ƙasashen ƙetare.

YADDA YA SAMI KUNTIGI

Tun yana ƙarami hankalinsa ya karkata ga kiɗa, yana bin makaɗan garin yana kallon hannunsu. Bai ko balaga ba tafiya ta kai shi Maiduguri, can ya ga masu kiɗan da suka ba shi sha'awa ƙwarai, har ya zauna ya haɗa wa kansa kuntigi. Tun daga ran nan bai sake shi ba sai da mutuwa ta raba su.

Ga wanda bai taɓa ganin kuntigi ba, abu ne ɗan ƙarami wanda ba ya cika hannu biyu. Gwangwanin kifi a ke samu, irin mai faɗin nan, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Mai kaɗa shi ba ya neman mataimaki. In yana waƙa sai tsirkiyar ta riƙa bin hawa da saukar muryarsa, in ya tsaya shan iska sai ta koma ga ainihin karin waƙar tana maimaitawa, watau ita ce 'yar amshinsa.

To, a nan akwai abin lura. Makaɗin fada ba shi kaɗai ya ke tafiya ba. Yana da masu kotso ko taushi, da 'yan amshi, da sanƙira mai yi masa shela, ko wannensu kuwa yana da iyali. Doki da riga da damman hatsin da za su ciyad da wannan runduna daga hannun Sarki su ke fitowa, sabo da haka tilas harshen makaɗi ya tsaya inda ubangidansa ya tsaya. Ba aibu ba ne, haka tsarin ya ke, a cikinsa kuma aka sami waƙoƙin da har gobe ba a yi kamarsu ba. Amma mai kuntigi yana iya sa kayan aikinsa duka cikin aljihun riga ya hau mota. Ba shi da rundunar da zai ciyar, sabo da haka yana da damar ya zaɓi wanda zai yi wa waƙa. Adamu ɗan makaɗin fada ne, a gidan sarauta kuma ya tashi, da ya so bin hanyar ubansa da ba wanda zai hana shi. Gwangwanin nan shi ya buɗe masa wata hanya dabam.

WAƘAR KAREN MOTA

Masu karatu sun sani a ƙasar Hausa ko wace tsohuwar sana'a tana da kiɗanta. Sarakuna na da tambari da kakaki da algaita. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, manoma na da gangar noma, 'yan dambe da 'yan tauri da mafarauta ko wanne da mai zuga shi. Mutum ko ba shi da sisi, in ya ji an kaɗa taken sana'ar gidansu sai ya miƙe ya san shi ma wani ne. Amma da zamani ya juya, sai ga sababbin sana'o'i waɗanda kakanni ba su san su ba, ba su kuwa bar musu take ba. A cikinsu babu wadda aka rena kamar ta yaron mota.

Mu ɗauki misali daga gida. Cikin 1929 hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya a Ƙauran Namoda, nan ne iyakarta. Gyaɗa da audugar da a ke nomawa daga nan zuwa Zurmi da Shinkafi da Isa, da can jakuna da raƙuma ke kawo su bakin jirgi, daga baya manyan motoci suka karɓe aikin. Ko wace mota kuwa tana da direba a gaba, tana da yaro a baya. Shi ke ɗora kaya ya ɗaure, shi ke saukewa. In an zo hawan tudu shi ke dirowa da waigi ya bi motar da gudu ya sa mata a ƙafa don kada ta koma da baya. In taya ta fashe shi ke kwanciya cikin ƙura ya ɗaga ta ya canja, in mota ta kafe cikin yashi ko laka shi ke haƙa da turawa, in injin ya yi zafi shi ke neman rafi da garwa. Dare ya yi direba ya tafi masauki, shi ya kwana ƙarƙashin mota yana gadin kayan mutane. Ladan wannan wahala duka, sunan da jama'a suka ga ya dace da shi shi ne karen mota.

Wannan mutum Ɗan Maraya ya zaɓa ya yi wa waƙa tun yana saurayi, ita ce kuwa ta fara fid da sunansa, har yau tana cikin waɗanda aka fi saninsa da su. Ya bi aikin yaron mota daki-daki, ya nuna wahalarsa da jimirinsa, ya yabe shi kamar yadda a ke yabon mai sarauta. Sunan nan na reni bai kauce masa ba, ya ɗauke shi ya sa a kan waƙar, har ya zama wanda a ke kira da shi yana iya ɗaga kai in ya ji ana kaɗa ta. Ku duba fa, yaron mota ba shi da doki ko rigar da zai ba makaɗi. Abin da ya ke da shi kawai shi ne ƙafa, gama babu garin da ba ya zuwa. Yaran mota da direbobinsu su suka ɗauki waƙar a baka daga wannan tasha zuwa waccan, suka yi wa mai ita shelar da sanƙira goma ba su iya yi ba.

SUNANSA YA GAME ƘASA

Zamani kuma ya taimake shi. Cikin 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyonta a Kaduna, wanda muryarsa ke kaiwa ko ina cikin Arewa har ƙasar Nijar da gaba. Ƙananan akwatunan rediyo masu batir suka yawaita a hannun talakawa, ga faifan garmaho, daga baya ga kaset. Waƙar da da can sai wanda ya je wurin biki ya ke jin ta, yanzu ta shiga zaure da tsakar gida da bukkar makiyayi. Kiɗan kuntigi kuwa ya dace da wannan sabon abu, gama murya ɗaya ce da tsirkiya ɗaya, ko wace kalma tana fita sarai, ba hayaniyar da za ta rufe ta.

Sa'ad da yaƙin basasa ya tashi cikin Yuli, 1967, Ɗan Maraya yana da shekara 20. Daga nan har aka ƙare shi cikin Janairu, 1970, ya yi wa sojan Gwamnatin Tarayya waƙoƙi da yawa, yana siffanta fagen fama kamar mai sauraro yana gani da idonsa. Sojojin nan yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, manoma da leburori da yaran mota da suka sa kaki, iyayensu na gida suna kasa kunne ga rediyo ko za su ji abin da zai kwantar musu da rai. Kafin a ajiye makamai babu lardin da ba a san sunansa ba, hukuma kuma ta gane cewa ga wani mutum wanda in ya yi magana talaka yana ji.

A nan ne a ke gane halin mutum. Mawaƙi in ya kai wannan matsayi, hanya mai sauƙi ita ce ya tattara ya koma ƙofar manya, ya manta da tasha. Ɗan Maraya ya yi wa manya waƙa, ba mu ce bai yi ba, amma bai bar mutanensa na farko ba. Sai ma ya faɗaɗa abin, ya shiga duba zaman jama'a gaba ɗaya, yana tono abubuwan da kowa ya sani amma ba mai son ya faɗa a fili.

SHA'ANIN AURE

Babu inda ya fi zurfafawa kamar sha'anin aure. Cikin waƙarsa ta Auren Dole ya fuskanci iyayen da ke ɗaukar 'yarsu su ba wanda ba ta so, ba tare da an ji ta bakinta ba. Ba sai mun tsaya bayyana wa masu karatu abin da wannan al'ada ta haifar ba. Kowa ya san yarinyar da aka kai ɗaki tana kuka, kwana kaɗan ta tsere, a mai da ita ta sake tserewa, har wata rana ta shiga mota ba a sake jin ɗuriyarta ba sai a wani bariki mai nisa. Kowa ya san gidajen da zumunci ya yanke tsakaninsu, da alkalan da suka gaji da shari'ar raba irin wannan aure. Malamai sun sha faɗa cewa addini ya yi horo da a nemi yardar mace, masu rubutu kuma sun taɓa batun tun cikin littafin Jiki Magayi na wajen 1934, inda dukiya ta raba yarinya da saurayin da ta ke so. Amma littafi sai wanda ya yi yaƙi da jahilci ke karanta shi, wa'azi kuma sau da yawa a zauren maza ya ke tsayawa. Waƙar Ɗan Maraya ita ta ƙetare zaure ta shiga cikin gida, uba ya ji, uwa ta ji, yarinyar ita ma ta ji cewa akwai wanda ya san abin da ke damunta.

Kada a zaci mai rushe aure ne. Cikin Jawabin Aure ya jera irin ɓarnar da saki ke jawowa, ya gargaɗi miji da mata su riƙa haƙuri da juna, su gyara tsakaninsu tun abu bai kai ga rabuwa ba. Cikin Gulma Wuya kuma ya kawo labarin wata magulmaciya wadda ta haɗa kai da boka, tana shiga gidajen mutane tana zuga mata a kan mazansu har aure ya mutu. A wannan waƙa ya nuna wata gwaninta tasa, gama shi kaɗai ya ke zama mutum uku ko huɗu, ya sake murya ya zama wannan, ya sake ya zama waccan, har mai sauraro ya ga kamar wasan kwaikwayo a ke yi a gabansa. Mutane su yi ta dariya, sai an ƙare kowa ya shiga tunanin wace ce Gulma Wuyar unguwarsu. In aka haɗa waƙoƙin nan uku, ra'ayinsa a fili ya ke: a ƙulla aure da yarda, in an ƙulla a riƙe shi da haƙuri, a kuma tsare shi daga bakin 'yan waje.

MAI AKWAI DA BABU

Haka kuma bai manta da ramukan Bukuru ba. Ya yi wa lebura waƙa, ya yi waƙar Mai Akwai Da Babu inda ya ajiye mawadaci da matalauci a gaba ɗaya, ya tuna wa mai hali cewa abin da ke hannunsa ba dabararsa ce ta ba shi ba, balle ya wulakanta wanda bai samu ba. Bai kuwa shafa wa talaka mai a baki ba. Ya zargi malalaci wanda ke zaune yana jiran na wani, ya yi ta kiran matasa su kama sana'a ko wace iri ce, gama a wurinsa babu sana'ar banza sai zaman banza. Cikin Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali ya duba butulci da saurin juyawar mutane, abin da maraya ya fi kowa sani. 'Yan siyasa su ma ya gargaɗe su a kan gaba da zage-zage, da raba 'yan'uwa sabo da jam'iyya.

Akwai masu cewa, ai duk wannan waƙa ce kawai, maroƙi kuwa maroƙi ne, wanda ya karɓi kyautar attajiri da ta gwamnati ba shi da bakin da zai ce yana yi wa talaka yaƙi. Suna kuma tambaya, shin auren dole ya ƙare ne don an yi masa waƙa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu ɓoye ba. Ɗan Maraya bai kafa jam'iyya ba, bai shiga kurkuku don ra'ayi ba kamar yadda mutanen Malam Aminu Kano suka shiga a zamanin NEPU, da waƙa kuma ya ci abinci kamar sauran makaɗa. Auren dole bai ƙare ba, lebura kuma bai daina shan rana ba. Amma mu a ganinmu ba a auna mawaƙi da ma'aunin mai doka. Al'ada ba ta mutuwa sai an fara jin kunyarta, ba a kuwa jin kunyar abu sai an kira sunansa a bainar jama'a. Wannan shi ne aikin da ya ɗauka, ya kuwa yi shi shekara wajen hamsin, cikin harshen da tsohuwa a ƙauye ta ke fahimta ba tare da tafinta ba.

GIRMAMAWA DA JARRABAWA

Ƙasa ba ta yi masa rowar godiya ba. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, daga baya ta ƙara masa da ta OON. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambarta ta zaman lafiya, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa, har a ka riƙa kiransa Dokta. Ya kai kuntiginsa ƙasashen Turai da Amurka, mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa suka zauna suna mamakin yadda tsirkiya guda ke yin wannan magana duka. Masana a jami'o'in gida da na waje suka yi ta nazarin waƙoƙinsa, ɗalibai suna samun digiri a kan abin da ya fito daga gwangwanin kifi.

Sai dai ƙarshen zamaninsa ya zo da baƙin ciki. Garin nan da ya ɗauki sunansa ya kai duniya, wanda da can a ke misali da shi wajen zaman lafiya tsakanin kabilu da addinai, sai ya rikice. Cikin Satumba, 2001, aka yi tashin hankali a Jos, rayuka da yawa suka salwanta. Aka sake cikin Nuwamba, 2008, aka kuma sake cikin Janairu, 2010, wannan karo wutar ta ci har Bukuru inda aka binne cibiyarsa. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin abinci tare suka rabu, ko wane ɓangare ya koma unguwarsa. Mutane da yawa masu hali suka kwashe iyalinsu suka bar garin. Ɗan Maraya yana da suna da mutanen da za su karɓe shi hannu biyu a Kano ko Kaduna ko Abuja, amma ya zauna a Jos, bai kuwa cire sunan garin daga nasa ba.

RASUWARSA

Bayan ya yi fama da rashin lafiya, Allah ya karɓi ransa a Jos ran Asabar, 20 ga Yuni, 2015, cikin kwanakin farko na watan azumi, yana da shekara 68. Labarin ya bazu ko ina kafin rana ta faɗi, gidajen rediyo na gida da na ƙetare masu shirin Hausa suka yi ta sa waƙoƙinsa, shugabanni suka aiko da ta'aziyya. Amma masu makoki na ainihi suna tasha da kasuwa da bakin garejin makanikai.

To, jama'a, mun kawo wannan tarihi ne don muna ganin yana da magana da mu a yau. Masu waƙa ba su taɓa yawa kamar yanzu ba. Yaro yana shiga ɗakin ɗaukar murya da safe, kafin magariba waƙarsa ta shiga wayar mutum dubu. Kayan aikin da su ke da shi Ɗan Maraya bai taɓa mafarkinsa ba sa'ad da ya ke neman gwangwani a Maiduguri. Amma in muka kasa kunne, yawancin abin da mu ke ji yabon ɗan takara ne da na mai kuɗi, sai kuwa na soyayya. Ba mu hana kowa neman abincinsa ba. Tambayarmu ita ce, wa zai yi wa sauran jama'a?

Ga su nan kuwa birjik, musamman a wannan yanki namu. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zamfara, har ta kai cikin 2021 hukuma ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma yanke layukan waya na wani lokaci, kowa ya ga ko su wane ne ke riƙe da rayuwar gari. Direba ne da yaronsa waɗanda suka bi hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da ransu a hannu don hatsi da magani su iso. Manomi ne wanda ya fita gona bai san ko zai komo ba. Matar da aka kashe mijinta ce, wadda ta tashi da marayu biyar tana surfe don su ci. Marayun nan kuma, wa ya san ko akwai wani Adamu a cikinsu, in ya sami wanda zai riƙe shi kamar yadda Sarkin Bukuru ya riƙe ɗan makaɗinsa? Waɗannan duka ba su da doki ko mota da za su bayar, amma tarihin da muka karanta ya nuna wanda ya yi musu waƙa ba ya yin hasara. Kyautar manya da Ɗan Maraya ya karɓa ta ƙare tun da daɗewa, waƙar da ya yi wa yaron mota kuwa har yanzu ana jin ta.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Jos da Zamfara da Nijeriya duka zaman lafiya mai ɗorewa, ya kuma ba mawaƙanmu na yanzu basirar duban na ƙasa da su. Amin.